Lana Nusseibeh da sana'ar ƙidayar ƙuri'a a Kwamitin Sulhu

Ranar Litinin 18 ga Disamba 2023 aka sa Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya zai kaɗa ƙuri'a kan wani daftarin ƙuduri game da Gaza. Ba a kaɗa ba. Aka ɗage zuwa Talata, daga Talata zuwa Laraba, aka wuni Alhamis ana jiran Amurka, sai ranar Juma'a 22 ga wata jakadu suka ɗaga hannu. Ƙasashe 13 suka amince, Amurka da Rasha suka ƙaurace, babu wanda ya hau kujerar naƙi. Ƙuduri mai lamba 2720 ke nan. Wadda ta riƙe alƙalamin daftarin tun daga farko har ƙarshe ita ce Lana Zaki Nusseibeh, zaunanniyar wakiliyar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a birnin New York, a lokacin da kwana tara kacal suka rage wa ƙasarta ta sauka daga kujerarta ta Kwamitin.

Duk sanda aka ɗauko maganar matan Daular da ke riƙe da manyan muƙamai, lissafi ake fara yi. Sheikha Lubna Al Qasimi ce mace ta farko da ta zama minista, a 2004. A 2008 aka naɗa Reem Al Hashimy ƙaramar minista, ita ce ta jagoranci baje kolin duniya na Dubai daga baya, kuma a shekarar ne aka tura mata jakadu na farko zuwa Sifen da Suwidin. A 2015 Amal Al Qubaisi ta zama shugabar majalisar tarayya, wadda tun 2019 rabin kujerunta 40 na mata ne. Duk wannan gaskiya ne, amma bai nuna mana aikin da ake yi a kan kujerun ba. Aikin jakada a Majalisar Ɗinkin Duniya ƙidayar ƙuri'a ne da sassaƙar kalma, bisa umarnin da ya zo daga gida. Da wannan ma'auni ya kamata a duba shekarun da Lana ta yi a New York, har da wuraren da ma'aunin bai yi mata daɗi ba.

Asalin gidansu birnin Ƙudus ne. Zuri'ar Nusseibeh suna danganta kansu da Nusaiba bint Ka'ab, Ummu Ammara, sahabiyar nan da ta tsaya kare Annabi (SAW) ranar Uhudu, kuma ɗaruruwan shekaru ke nan su ne masu buɗe ƙofar babbar majami'ar Kiristoci ta tsohon birnin, yayin da wani gidan Musulmi, gidan Joudeh, ke ajiye mabuɗin. Mahaifinta Zaki Nusseibeh ya zo Abu Dhabi a 1967, kafin ma a kafa Daular a Disambar 1971, ya zama tafintan Sheikh Zayed, wanda ya zama shugaban Daular na farko, kuma mai ba shi shawara. Ita kuwa ta karanci tarihi a Jami'ar Cambridge, sannan ta yi digiri na biyu a Landan kan nazarin Isra'ila da Yahudawan da ke warwatse a duniya. 'Yar gidan Falasɗinawa da ta karanci Isra'ila a aji, kuma ta tashi a gidan da tafinta tsakanin shugabanni shi ne sana'a, tana da abin da ba kowane jakada yake da shi ba. Wannan kuma yana tuna mana cewa ƙofar da ta shiga ba a buɗe take ga kowace 'yar ƙasa daidai wa daida ba.

Tsarin ƙasar ma yana da hannu a saurin hawanta. A Daular babu jam'iyyun siyasa, majalisar tarayya ta ba da shawara ce, muƙami kuwa daga sama ake naɗa shi. 'Yan asalin ƙasar ba su fi kashi ɗaya cikin goma da 'yan kai na mazauna ba, saboda haka gwamnati ba ta da yalwar ƙwararrun da za ta ajiye rabinsu a gefe don su mata ne, balle ma mata sun fi yawa a cikin masu kammala jami'a. Idan shugabanni suka yarda da mutum, sai ya hau da wuri ya kuma daɗe, ba zaɓen da zai zo ya tumɓuke shi. Ɗaya gefen kuma shi ne wanda aka naɗa ba shi da wani tushe nasa na kansa. Manufar harkokin waje a hannun shugaban ƙasa Sheikh Mohammed bin Zayed take, da ƙaninsa Sheikh Abdullah bin Zayed wanda ke riƙe da ma'aikatar tun 2006.

Zakaran gwajin dafinta na farko shi ne neman mazaunin hukumar makamashi mai sabuntuwa ta duniya, IRENA, a 2009. Jamus na so a ajiye hedikwatar a Bonn, Ostiriya na so a Vienna, ga kuma Abu Dhabi mai arzikin man fetur ta shigo takara. Lana ce ta shugabanci ayarin kamfe na ma'aikatar harkokin waje. Dabarar ita ce a bi ƙananan ƙasashe ɗaya bayan ɗaya, na Afirka da tsibiran teku, waɗanda ƙuri'arsu daidai take da ta Jamus, a kuma haɗa da alƙawarin rance mai sauƙi na dala miliyan 50 duk shekara har shekara bakwai don ayyukan makamashi a ƙasashe masu tasowa. A taron Sharm el-Sheikh na Yunin 2009 Jamus da Ostiriya suka janye. A wannan shekarar ta kafa sashen tsara manufofi na ma'aikatar, sannan a Satumbar 2013 aka tura ta New York, mace ta farko da ta wakilci ƙasar a can.

Ta zauna a muƙamin fiye da shekara goma. Galibin jakadu shekara uku ko huɗu suke yi a kira su gida, kafin su gama sanin waye ke cika alƙawari da waye ba ya cikawa. Daɗewa jari ce a wannan gini. A 2017 ta shugabanci hukumar gudanarwar sashen mata na Majalisar, ta kuma yi zagaye da dama tana jagorantar tattaunawar gyaran Kwamitin Sulhu, tattaunawar da shekara da shekaru ba ta haifar da komai ba, amma mai jagorantarta dole ya zauna da kowane rukuni ya ji ta bakinsa. Duk wannan share fage ne na kujera guda.

Kwamitin yana da mambobi 15. Biyar na dindindin ne masu ikon hawa kujerar naƙi, goma kuma zaɓaɓɓu na shekara biyu: uku daga Afirka, biyu daga Asiya, biyu daga Latin Amurka, biyu daga yammacin Turai da ƙawayenta, ɗaya daga gabashin Turai. Larabawa ba su da rukuni nasu a wannan rabo, sai dai akwai fahimtar da ba a rubuce take ba cewa kullum za a samu ƙasar Larabawa guda, ana karɓa-karɓa tsakanin ɓangaren Asiya da na Afirka. Shi ya sa Kuwait ta zauna 2018 da 2019, Tunisiya ta karɓa, Daular ta biyo a 2022 da 2023, Aljeriya ta gaje ta. Ko ƙasa ba ta da abokin takara, sai ta samu kashi biyu cikin uku na ƙuri'un Babban Zaure, wato 129 idan duka ƙasashe 193 suka kaɗa, kuma ƙuri'ar a asirce take. Nan ne ake yawan faɗuwa. Ƙasashe suna musayar alƙawari a rubuce, ka zaɓe ni a nan in zaɓe ka a can, amma ba mai ganin abin da jakada ya rubuta a takardarsa, don haka gogaggen mai kamfe yakan zabge wani kaso daga alƙawuran da ke hannunsa kafin ya yarda da lissafin. Kanada ta ɗanɗana wannan a 2020, ta tashi da 108, Norway da Ireland suka wuce. Daular ta samu 179 ranar 11 ga Yuni 2021, tare da Ghana da Gabon da Brazil da Albaniya. Rabonta da kujerar tun 1986 da 1987.

Ba ta yi kwana ashirin a kujerar ba wuta ta tashi a gida. Ranar 17 ga Janairu 2022 'yan Houthi na Yaman suka kai hari Abu Dhabi da jirage marasa matuƙa da makamai masu linzami, tankokin mai suka kama da wuta a unguwar masana'antu ta Musaffah, mutum uku suka mutu, Indiyawa biyu da ɗan Pakistan ɗaya. Shugabannin Daular sun ji zafin yadda Amurka ta yi sanyin jiki, ganin gwamnatin Biden ce ta cire 'yan Houthi daga jerin 'yan ta'adda shekara guda kafin nan. Ana cikin wannan tsamin Rasha ta afka wa Ukraine. Ranar 25 ga Fabrairu aka kawo daftarin yin tir da mamayar, Rasha ce ma ke shugabancin Kwamitin a watan. Ƙasashe 11 suka amince, Rasha ta hau kujerar naƙi, Lana ta ɗaga hannu a layin masu ƙauracewa tare da Sin da Indiya. Kwana uku bayan haka aka zartar da ƙuduri 2624, wanda ya kira 'yan Houthi ƙungiyar ta'addanci ya kuma faɗaɗa takunkumin makamai a kan ƙungiyar baki ɗaya, kuma Rasha, da aka saba ganin tana jan ƙafa a irin wannan, ta amince. Jami'an diflomasiyyar yamma suka ce ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda aka yi. Ofisoshin Daular da na Rasha duka sun musanta. Ranar 2 ga Maris kuma, a Babban Zaure inda ba kujerar naƙi, Daular ta shiga cikin ƙasashe 141 da suka yi tir da Rasha. Ko an yi ciniki ko ba a yi ba, mako gudan nan ya nuna yadda ƙaramar ƙasa ke sarrafa ƙuri'arta: ta san daftarin Ukraine matacce ne tun kafin a kaɗa, sai ta ajiye hannunta inda zai jawo mata abin da take buƙata. Wanda bama-bamai ke sauka a kansa a birnin Kharkiv na Ukraine yana da haƙƙin ya ga wannan a matsayin rashin tsayawa kan gaskiya, kuma ba a ce ya yi kuskure ba.

Kafin a koma Gaza, sai an san yadda ake ƙera ƙuduri. Kowane batu yana da ƙasar da ake kira mai riƙe da alƙalami, ita ke rubuta daftarin farko, ita ke kiran zama, ita ke yanke wane gyara za a karɓa. Yawancin alƙaluman a hannun Amurka da Birtaniya da Faransa suke, shi ya sa samun alƙalami babban abu ne ga zaɓaɓɓen mamba. Daftari yakan fara zagayawa tsakanin ƙananan jami'ai ƙwararru na ofisoshi 15, su bi shi layi-layi, kowa ya aika gida ya jira umarni. Idan mai alƙalami ya ga an kusa daidaitawa, sai ya sa daftarin a wa'adin shiru: daga yanzu zuwa ƙarfe kaza, wanda bai yi magana ba ya yarda. Ƙasa guda ta aiko da ƙorafi, shirun ya karye, a koma teburi. Mataki na ƙarshe shi ne a buga daftarin da shuɗin tawada, alamar an shirya kaɗa ƙuri'a, galibi bayan awa 24. Ana buƙatar ƙuri'a tara, kuma kada ɗaya daga cikin biyar ɗin nan ta ce a'a. Ƙauracewarsu ba ta kashe ƙuduri. Saboda haka sau da yawa abin da mai alƙalami ke nema daga babbar ƙasa shi ne ta yi shiru kawai. Yawan masu goyon baya daga waje yana ƙara wa daftari kwarjini amma ba ya cetonsa. Nijar ta ga haka a Disambar 2021, lokacin da ita da Ireland suka kawo daftari kan sauyin yanayi da tsaro da sa hannun ƙasashe 113, Rasha ta kashe shi da hannu ɗaya.

A 2023 Daular da Japan suka riƙe alƙalamin Afghanistan. Da Taliban ta hana matan ƙasar yi wa Majalisar Ɗinkin Duniya aiki, bayan ta riga ta rufe musu jami'o'i, sai suka kawo ƙuduri 2681 ranar 27 ga Afrilu, duka 15 suka amince, da goyon bayan ƙasashe sama da 90, cikinsu har da na Musulmi da dama. A nan kasancewarta mace Musulma Balarabiya ya yi aiki na zahiri, domin ya toshe bakin mai cewa wannan koke ne na Turawa kaɗai. Taliban dai ba ta janye dokar ba. A Yuni, watan da ta shugabanci Kwamitin karo na biyu, ita da Birtaniya suka fitar da ƙuduri 2686 kan kalaman ƙiyayya da zaman haƙuri tsakanin addinai.

Sai 7 ga Oktoba 2023, ranar da Hamas ta kai hari Isra'ila, yaƙin Gaza ya ɓarke. Daular na cikin tsaka mai wuya fiye da kowa a zauren: ita ce muryar Larabawa a Kwamitin, kuma ita ce ta ƙulla hulɗa da Isra'ila a Satumbar 2020. Daftarin Brazil ya samu ƙuri'a 12 ranar 18 ga Oktoba, Amurka ta kashe shi. Na Amurka ya zo ranar 25, Rasha da Sin suka kashe shi, Daular ma ta ce a'a. Na Malta ne ya tsallake a tsakiyar Nuwamba, shi ma ɗan dakatawa don shigar da agaji kawai ya nema. Ranar 6 ga Disamba António Guterres ya yi amfani da sashe na 99 na kundin Majalisar, wanda ke ba babban sakatare damar jawo hankalin Kwamitin da kansa, abin da aka yi shekaru da dama ba a yi ba. Ofishin Lana ya bi bayansa da gajeren daftari mai neman tsagaita wuta nan take. Ƙasashe kusan ɗari suka sa hannu, 13 suka amince ranar 8 ga wata, Birtaniya ta ƙaurace, Amurka ta hau kujerar naƙi. Kowa ya san haka za ta faru. Amfanin kaɗa irin wannan ƙuri'a shi ne a nuna wa duniya wanda ya tsaya shi kaɗai, a kuma tsadantar masa da naƙi na gaba. Kwana uku bayan haka ta kwashi jakadun Kwamitin da dama zuwa Arish da mashigar Rafah ta ɓangaren Masar, suka ga jerin manyan motoci a tsaye da rumbunan kayan da aka hana shiga. Kafin yaƙin, motoci kusan 500 ke shiga Gaza a ranar aiki.

Daga can aka dawo da daftarin da ya zama 2720, kuma abu biyu ne suka cinye mako guda. Na farko jimla ce. Asalin rubutun ya nemi a daina faɗa cikin gaggawa kuma dainawa mai ɗorewa. Amurka ta ƙi, aka sassauta zuwa dakatar da faɗa cikin gaggawa. Ta sake ƙi, aka ƙare da kiran a ɗauki matakan gaggawa na shigar da agaji da kuma samar da yanayin da zai kai ga daina faɗa mai ɗorewa. Wanda ya karanta da kyau zai ga an tashi daga umarni an koma fata. Na biyu kuma ya fi na farko nauyi a aikace, ko da yake bai ja hankalin jama'a ba. Daftarin farko ya so Majalisar Ɗinkin Duniya ita kaɗai ta riƙa sa ido kan kayan agajin da ke shiga, wanda ke nufin a rage ikon binciken da Isra'ila ke yi wa kowace mota, kuma binciken nan na cikin abubuwan da ke tsayar da motocin. Aka cire wannan, aka maye gurbinsa da naɗa babban jami'in daidaita agaji da sake gini wanda zai kafa tsarin hanzarta kaya. Sigrid Kaag ta ƙasar Holan aka ba muƙamin. A zauren, Rasha ta kawo gyaran da zai maido da maganar dakatar da faɗa, Amurka ta kashe gyaran, sannan su biyun suka ƙaurace wa ƙudurin, kowa da dalilinsa.

Shin ya kamata ta karɓi wannan ragowar? Masu suka sun ce gara a bar Amurka ta sake hawa kujerar naƙi a gaban duniya da a ba ta rubutun da za ta fake da shi, kuma yunwar da ta biyo baya a Gaza ta ƙarfafa hujjarsu. Guterres da kansa ya faɗa a ranar cewa babbar matsalar ita ce yadda Isra'ila ke gudanar da farmakin. A nawa ganin, ta yi abin da mai kwana tara a hannu zai iya yi. An riga an gwada hanyar naƙi ranar 8 ga wata, maimaita ta ba zai shigar da buhu ɗaya ba, kuma 2720 ya ajiye a rubuce wajibcin buɗe duk hanyoyin shiga, har da mashigar Karam Abu Salim. Amma kada a kira shi nasara fiye da yadda yake. Kalmar tsagaita wuta ba ta shiga ƙudurin Kwamitin kan wannan yaƙin ba sai 25 ga Maris 2024, a ƙuduri 2728 na watan Ramadan, wanda zaɓaɓɓun mambobi goma suka kawo tare, lokacin Aljeriya ce a kujerar Larabawa.

A 2024 Lana ta koma Abu Dhabi, Mohamed Abushahab ya gaje ta a New York, ita kuma ta ci gaba a matsayin mataimakiyar minista kan harkokin siyasa. Daga bakinta aka ji shawarar kafa rundunar ƙasa da ƙasa ta wucin gadi a Gaza bisa gayyatar hukumar Falasɗinawa, kuma ita ce a Satumbar 2025 ta ce haɗe Gaɓar Yamma da Isra'ila jan layi ne ga Daular. Irin waɗannan kalamai ba a ba wa kowa ya furta su, alama ce ta yadda aka amince da ita.

Sudan ce inda labarin ya fi nauyi, musamman ga mai karatu da ke da dangi a Sudan ko gabashin Cadi. Yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojojin Janar Burhan da dakarun RSF na Hemedti, Daular na zaune a Kwamitin. A Janairun 2024 ƙwararrun da Kwamitin da kansa ya naɗa suka ce zargin da ake yi na kai wa RSF makamai daga Daular ta filin jirgin Amdjarass na Cadi abin gaskatawa ne, a rahoton da ya ƙiyasta an kashe mutum 10,000 zuwa 15,000 a garin El Geneina na Darfur kaɗai. Daular ta musanta, ta ce jiragenta agaji suke kaiwa ga asibitin da ta buɗe a Amdjarass, kuma har yau a kan musun take. Lana ce ta jagoranci tawagar ƙasarta a tattaunawar Suwizalan ta Agustan 2024, wadda sojojin Sudan suka ƙi halarta, ɗaya daga cikin dalilansu kuwa shi ne zaman Daular a wurin. Abin da aka samu a lokacin shi ne sake buɗe mashigar Adré don motocin abinci su shiga Darfur. A Maris 2025 Sudan ta kai ƙara Kotun Duniya da ke Hague tana zargin Daular da hannu a kisan ƙare dangin ƙabilar Masalit ta Darfur. Ranar 5 ga Mayu kotun ta kori ƙarar, dalilinta kuwa shi ne tun lokacin da Daular ta shiga yarjejeniyar hana kisan ƙare dangi ta keɓe kanta daga sashe na 9, wanda ke ba kotun hurumin sauraron irin wannan ƙara. Alƙalan ba su ce an aika makaman ba, ba su ce ba a aika ba, domin ba su kai ga buɗe hujjojin ba.